Sarauniyar da Ba Ta Jin Hausa

A farkon shekarar 2022, ana tsakiyar cirar auduga, ƙanena ya dawo daga Wad Madani da wani fim a katin wayarsa. Ya ce fim ɗin Amina ne, sarauniyar Zazzau, wanda 'yan Najeriya suke ta ce-ce-ku-ce a kansa a Facebook. Ƙauyenmu yana cikin Jazira ne, tsakanin Madani da Sinnar, kuma duk abin da ya fito daga ƙasar Hausa, wa'azi ne ko waƙar Shata, ba ya kwana ba a taru a kansa ba. Bayan sallar isha'i aka jingina wayar a jikin tulu, aka jawo angarib biyu, wato gadon igiya irin namu na can, mata suka ɗora jabana a kan gawayi. Har kakarmu, wadda muke kira Habboba kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa suke kiran tasu, ta sa aka matso da ita gaba.

Ba a jima da farawa ba ta taɓo ni da sandarta.

"Maigida, wace ce wannan?"

Na ce, "Habboba, Amina ce ta Zazzau."

"To, me ya hana ta magana?"

"Ai tana yi. Da Turanci ne."

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ashe Nasara sun riga tutar Shehu isa Zariya." Tsakar gida ta kaure da dariya. Ni ne malamin makaranta a gidan, don haka ni aka ɗora wa aikin tafinta, na yi ta mayar da maganar sarauniyar Hausawa zuwa Hausa har fim ya ƙare. Ban taɓa yin aikin da ya ba ni haushi irin wannan ba.

Fim ɗin ya fito a Netflix cikin watan Nuwamban 2021. Izu Ojukwu ne ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin Amina, Ali Nuhu kuma yana ciki, shi kaɗai ne fuskar da mutanen gidanmu suka gane. A shekarar 2022 ya lashe kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na Legas. Sukar da aka yi masa a arewacin Najeriya ba ɓoyayya ba ce: an ce me ya sa ba a ba Bahaushiya wannan matsayi ba alhali Kannywood cike take da mata, an ce tufafin ba na Zazzau ba ne, an ce filin da ake gwabza faɗa jama'a na kallo ya fi kama da na Rumawa fiye da dandalin dambe, an ce an liƙa mata labarin soyayya don a sayar da fim. A daren nan duk na yarda da waɗannan. Na kwanta ina cewa a raina an sace mana sarauniya.

Sai dai da na koma ga abin da aka rubuta game da Amina, sai na ga kayan da ake faɗa a kansu ba su cika kwando ba. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya ambace ta a 'yan layuka cikin zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Wasu masana kuwa sun sa ta a ƙarni na 16, 'yar Bakwa Turunku. Tazarar da ke tsakanin ra'ayoyin biyu ta haura shekara ɗari. Sauran abin da muka sani, ganuwar da ake jingina mata da labarin mazan da take kwana da su ta kashe da asuba, duk daga baka ne, kuma kowane zamani ya ƙara nasa gishiri. Hoton nan da muka saba gani na mace a kan doki da takobi, wanda ya hau kan tambarin wasiƙa na Najeriya a 1975, zanen mai zane ne na zamaninmu. Wanda duk zai yi fim a kan Amina dole ya ƙirƙiro kusan komai: muryarta, ɗakinta, ƙawayenta, abin da take tsoro. Laifin masu fim ɗin ba ƙirƙira ba ne. Laifinsu shi ne inda suka je aron kayan ƙirƙirar, da kuma wanda suka zaɓa ya zama mai sauraro.

Wannan ba shi ne karo na farko da sarauniyar Hausawa ta yi wani yare a majigi ba. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawarwaki da toka a duk inda ta bi, ta afka wa Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, inda Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986. An so a ɗauka a Nijar, abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta buɗe ƙofa. Aï Keïta 'yar Burkina ce ta fito a matsayin sarauniyar, Jula da Faransanci ne suka mamaye fim ɗin, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Na kalle shi a Kartum ina ɗalibi, kuma ban ji an sace mini komai ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Abin da na gano shi ne Med Hondo ya san da wa yake fushi, ya san kuma domin wa yake ba da labarin. Mai kallo daga Lugu zai rasa harshensa a ciki, amma ba zai rasa ciwonsa ba.

Rigimar fuska da launin fata ta zama ruwan dare. A 2023 Misirawa, maƙwabtanmu na arewa, sun tayar da jijiyar wuya saboda Netflix ta ba Adele James, baƙar fata, matsayin Kiliyobatra, har hukumar kayan tarihi ta ƙasar ta fitar da sanarwa. Kiliyobatra dai daga gidan Batlamusawa take, masu asalin Makidoniya, kuma ban ji an yi irin wannan ƙara a kan Elizabeth Taylor da ta yi wasan a 1963 ba. Mu da muka san irin kallon da ake yi wa baƙin Basudane a titunan Alƙahira mun ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Shekara guda kafin nan an yi wa The Woman King na Viola Davis wata sukar daban, wadda a ganina ta fi nauyi: an ce ya wanke hannun Dahomey ta zamanin Sarki Gezo daga cinikin bayi.

Wannan suka ta biyu ita ce ta dawo da ni ga Habboba. Kwana biyu bayan kallon, ina zaune kusa da ita tana tsince wake, na ci gaba da mita cewa an ɗauko wadda ba Bahaushiya ba an sa mata rawanin Amina. Ta ɗago ta dube ni.

"Kai da kake ta ɗaga hanci, ka san wace ce ta kawo ku bakin kogin nan?"

Na ce ai Baba ya sha gaya mana mu jinin sarauta ne, kakanninmu suna cikin waɗanda suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru.

"Bai yi ƙarya ba," in ji ta. "Rabi ya faɗa."

Kashin bayan labarin kowane yaro a garuruwanmu ya san shi. Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya kama hanyar gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi. Ranar 27 ga Yuli aka kashe shi a Burmi tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira, Fulani da Hausawa da sauransu, suka yi ta tafiya har suka sauka wajen Shaihu Ɗalha a bakin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau da sarkinsa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai zuriyarsu da alhazan da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka suka bazu cikin ƙauyuka da kambo-kambo na leburori. Da haka muka zama Fallata ko Takari a bakin mutanen ƙasa.

A wannan labari kamar yadda ake ba da shi a zaure, maza ne kaɗai suke da suna. Rabin da Habboba ta cika mini shi ne wannan. Kakarta ba a haife ta Bahaushiya ba. An kamo ta tana ƙarama daga duwatsun kudancin Bauchi, da tsagar da ba irin tamu ba a fuskarta, aka ba da ita kuyanga a ɗakin wata 'yar sarki. A can ta koyi Hausa, a can ta koyi salla. Da aka fita hijira ita ce mai ɗaukar gorar ruwan uwarɗakinta da allonta. Uwarɗakin ta rasu a hanya, tsakanin Wadai da Darfur, ta bar yara biyu, kuma wannan kuyanga ce ta goya ɗaya ta ja ɗaya, tana surfe da daka a garuruwan mutane don a ci, har suka ga ruwan Nilu. Daga baya ta haifa wa maigidan ɗiya, wadda ita ce mahaifiyar Habboba. Ta nan jinin sarautar ya biyo.

"In za a yi siniman gidanmu," in ji Habboba, "wa za ka ɗauko ta yi ta? Bahaushiya?"

Ban sami amsa ba. Tun daga ranar nake ganin gardamar wace 'yar wasa ta cancanci sarauta tana ɓoye wata tambaya da ta fi ta girma, wato su wane ne suke cikin gidan sarautar tun asali. Fadar Hausa ba ta taɓa zama ta ƙabila guda ba. Cikin gida akwai matan aure 'ya'yan sarakunan wasu ƙasashe, akwai sa-ɗaka, akwai kuyangi da jakadu mata masu kai saƙo tsakanin sarki da waje, akwai uwar soro, kuma da yawansu da wani harshen suka fara kiran uwa. Heidi Nast ta yi bincike a gidan Rumfa na Kano, ta fitar da littafi a 2005 inda ta nuna yadda ƙwaraƙwaran sarki suka riƙe lissafin hatsin haraji da harkar rini na tsawon ƙarnoni. Babannin nan 40 da aka ce an aiko wa Amina mutane ne, kowanne da garinsu da uwarsa. Fim ɗin da zai wakilci fada da gaskiya sai ya ji yaruka biyar ko shida a tsakar gida, ya kuma daure ya nuna yadda aka yi waɗansu suka shigo. Mu masu kukan an cire mu daga labarin Amina ba mu cika son a buɗe wannan ɗaki ba.

Akwai kuma wani abin da na lura. Masu fim ba su san sarauniya ba sai mai takobi. Amina, Mangu, Nzinga ta Angola, mayaƙan Dahomey, duk sai an ba mace aikin barde kafin a yarda ta isa a kalle ta. Amma matan gidan sarautar da muka fi sani da hujja, ikonsu ba a kan doki yake ba. Tarihin Kano ya kawo Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, wadda ta kashe wutar tawayen Dagaci lokacin da ɗanta ba ya gari. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi hijirar Gudu tana yarinya a 1804, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda take naɗa jaji, ta ba ta malfa, ta tura ta ƙauyuka koyar da mata. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara rubuce-rubucenta a babban kundi a 1997. Ga mace mai murya tata ta kanta a rubuce, ba sai an ƙirƙira mata ba.

Ni kuwa wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ƙanwarta Maryam, domin labarinta ya taɓa mu kai tsaye. Mahaifiyarta Mariya sa-ɗakar Shehu ce. Ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, bayan rasuwarsa ta koma Sakkwato, ta gaji jagorancin 'Yan Taru bayan Asma'u. A ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da labarin Mahadi ya taso daga nan Sudan mutane suka fara ɗaure kaya suna yin gabas, sai ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa. Ta tabbatar cewa mahaifinta ya yi maganar hijira zuwa Nilu, amma ta ce lokacin bai yi ba, a tsayar da masu tafiya. Tsohuwa a ɗakinta tana riƙe da linzamin ƙaurar al'umma guda da alƙalami. Ba a yi shekara ashirin ba bayanta aka yi Burmi, mutane suka bi hanyar da ta ce a dakata da ita, ga mu nan a ƙarshenta. In akwai labarin da ya fi wannan dacewa da fim, ban ji shi ba.

Na san abin da zai hana. 'Ya'yan Shehu ba Amina ba ne da kowa zai yi mata yadda ya so. Zuriyarsu suna nan, malamai suna nan, kuma ba na jin akwai furodusan Kano da zai sa 'yar wasa ta fito a matsayin Nana Asma'u ya kwana lafiya. Ban raina wannan kunya ba, tana da tushe. Amma sakamakonta shi ne mun bar wa waɗansu matan da babu hujja a kansu su yi ta zanawa, mun kulle waɗanda ke da hujja a cikin akwati. Ko wasan kwaikwayo na rediyo ne, inda ba fuska sai murya, da ya rage.

A gefen Sudan kuma wata sarauniyar ce ake ɗagawa. Lokacin zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Kartum cikin Afrilun 2019, wanda ya kai ga faɗuwar Umar al-Bashir, duk macen da ta fito zanga-zanga ana kiranta Kandaka, laƙabin sarauniyoyin Marawi ta dā. Mafi shahara a cikinsu ita ce Amanirenas, wadda ta yaƙi Rumawa shekaru ashirin da 'yan kai kafin haihuwar Annabi Isa, mutanenta suka ɗauko kan mutum-mutumin Kaisar Agustas suka binne a ƙarƙashin matakalar ɗakin bauta don a riƙa takawa. An tono shi a 1910, yana gidan tarihi na Landan. Ɗalibaina mata, Hausawa, sun yi ta rubuta Kandaka a bangon littattafansu, na kuma ji daɗin ganin haka. Amma wata a cikinsu ta taɓa dawowa daga Madani tana kuka, wai wata ta ce mata Bafallatiya ba ta zama Kandaka. Na ba ta labarin A'isha al-Fallatiya, 'yar malami mai asalin ƙasar Hausa, wadda ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974, Sudan duka tana alfahari da ita. Yarinyar ta ce, "Malam, to me ya sa har yau ba a cire mata Fallatiya daga sunanta ba?"

Wani zai ce duk wannan maganar nishaɗi ce, fim ne kawai. Haka ni ma na ɗauka kafin damina ta faɗi a shekarar. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ, wajen Rusairis da Damazin, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin. Tushensa shi ne neman da Hausawa suka yi a ba su tasu masarauta cikin tsarin sarautun gargajiya, abin da ke tafe da haƙƙin ƙasa. Aka ce musu su baƙi ne. Sama da mutum ɗari suka mutu a wannan wata, a Oktoba aka sake yin wanda ya fi shi muni a Wad al-Mahi, dubbai suka bar gidajensu, wasu har ƙauyenmu suka iso. Hausawa suka fita zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Kartum. Ba na cewa fim ne zai hana wannan, maganar ƙasa da siyasa ta fi ƙarfin majigi. Abin da na gani da idona shi ne, sa'ad da aka tambaye mu tun yaushe muke nan, samarinmu ba su da labarin da maƙwabcinsu ya taɓa ji. Ɗan Sudan ya san Kandaka, ɗan Najeriya ya san Amina, amma matar da ta goyo ɗan wani daga Burmi zuwa Sinnar ba ta cikin littafin makarantar kowace ƙasa, kuma Kannywood da muke kallo tun zamanin kaset ba ta taɓa juyo da kyamararta gabas ta gan mu ba.

Bayan rikicin na zauna da Habboba na ɗauki muryarta a waya, kusan awa guda, tana ba da labarin kakarta daga fari. Ta rasu a azumin 2023, 'yan kwanaki kafin a fara harbi a Kartum. Da yaƙi ya iso Jazira a watan Disamba muka fita da abin da hannu zai iya ɗauka, wasu masu bindiga suka tare mu a hanya suka karɓe wayoyin kowa, har da tawa. Abin da ya rage mini shi ne kalmomi uku na yaren kakar tata, waɗanda ta ce tsohuwar takan faɗa in tana lallashin jariri. Na rubuta su da harufan Larabci a bayan rajistar ɗalibaina, rajistar kuwa tana cikin jakar da ba su buɗe ba. Yanzu duk ɗan Bauchi ko Filato da na haɗu da shi, a masallaci ko a tasha, bayan mun gaisa sai in ciro ta in karanta masa.